Asalin camfe-camfenmu, da waɗanda ke cutar da yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana kan camfe-camfen da har yau ake gaya wa yara a gidajenmu nan Jos. Da yawansu dabarun iyaye ne na zamanin da babu lantarki.

A dubi hana shara da dare, wai tana korar arziki. A gidan da aci-bal-bal ce kaɗai haske, tsintsiya kan kwashi allura, ɗan kunne ko kuɗi ta kai juji, ga kuma kunama a lungu. Da aka ce watsa ruwan zafi a tsakar gida na ƙona 'ya'yan aljanu, ɗan da ake karewa shi ne mai rarrafe. Waɗannan ba su dame ni ba.

Wanda ya dame ni shi ne cewa yaro mai cin ƙwai zai tashi ɓarawo. Asalinsa tattali ne. Kaza kan yi kwanci kwana 21, kowane ƙwai kuwa ɗan tsako ne, jarin matar gida. Yaron da ya ɗanɗana zai riƙa leƙa akurki, sai aka tsorata shi. Yau ana sayar da ƙwan gidan gona a kowace unguwa, dalilin ya kau, hanin ya zauna. Alhali ƙwai ɗaya na da kusan gram 6 na sinadarin gina jiki, kuma daga wata 6 ana iya dafa shi sosai a murtsuke wa yaro.

Haka dakashi, nonon farko. Kaurinsa da launinsa na rawaya suka sa kakanni suka ɗauke shi gurɓatacce, a matse a zubar, a ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo. Ta nan gudawa ke shiga. Dakashi ne ke ɗauke da garkuwar uwa, shi ya sa ake so a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Wasu kuma daga bori suka fito, kamar ɗora shanyewar ƙafar yaro kan Inna. Ƙwayar cutar foliyo ce, wadda ke bin kashi da gurɓataccen ruwa, kuma ɗigon rigakafi ne ya kai Najeriya ga rabuwa da nau'inta na asali a 2020.

Don Allah ku ware shafi duk mako, ungozoma da malami su ɗauki camfi ɗaya su bayyana tushensa. A fara da na dakashi.

Wassalam,
Mai karatunku,
Unguwar Rogo, Jos