Taron zumuntar mata na ranar Asabar

Salama gare ku ƴan'uwa mata, ina gajiya?

Asabar ɗin nan da ƙarfe 4 na yamma za mu haɗu a majami'a. Karatunmu Matiyu 15:21-28 ne, labarin Bakan'aniyar da ta tare Yesu a yankin Taya da Sidon saboda ɗiyarta da aljani ke wahalarwa. Da farko bai ce mata ko uffan ba. Almajirai suka ce a sallame ta, ta dame su da kuka. Har maganar karnuka ta fito, Yesu ya ce bai kyautu a ba karnuka abincin ƴaƴa ba, amma ba ta yi zuciya ba, ta ce ai karnuka ma suna cin ɓarɓashin da ke faɗowa daga teburin iyayengijinsu. Ni kam da tuni na naɗe zanena na koma gida! Sai Yesu ya yaba bangaskiyarta, nan take yarinyar ta warke.

Kowace ta karanta kafin ta zo, ta haɗa da Markus 7:24-30. A zo da dala ɗari-ɗari, za mu kai wa ƴar'uwarmu da ke jinyar ɗanta a asibiti. Ƴan Zango da Garin Malam, don Allah ku nemi kabu-kabu da wuri.

Ubangiji ya kai mu lafiya.
Taku, magatakardar zumunta