Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Ɗaukar Hoton Ƙwayoyin Halitta da Eksire

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarurrukan wata-wata sun gudana, da fuskokin nan da kuka saba gani.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne bitar haɗa hotunan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da Plasmodium falciparum, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, irin waɗanda ake ɗauka a MISTRAL, ɗaya daga cikin layukan hasken ALBA kusa da Barselona. ALBA sinkurotron ne, wato katafariyar na'urar da ke samar da hasken eksire mai ƙarfi. Ana ɗaukarsu ne da eksire mai kuzarin 520 eV (eV ma'aunin kuzarin haske ne), tsakanin 284 eV, inda karbon ke fara shanye hasken sosai, da 543 eV, inda oksijin ke farawa. A nan haske ke ratsa ruwa, furotin da kitse kuwa su shanye shi su fito da duhu, ba rini, ba yanka. Kowane mahalarci ya daidaita jerin hotunansa a manhajar IMOD ta bin ɗigogin zinari masu nanomita 100, har ƙwayar ta tashi sukutum a allo, ga jakar narkar da abincin ƙwayar cutar, ga tsakuwoyin hemozoin, ragowar jinin da ta narkar, jibge a ciki. Waɗanda suka ga hoton ya ɗan miƙe ta gefe guda suka zargi kwamfuta, ba laifinta ba ne: faifan samfuri ba ya karkatuwa fiye da digiri 70 kowane ɓangare, sauran kusurwoyin babu su.

Batun namu samfurin kuwa, masu cewa kwamiti ya yi barci su saurara. An daskarar da faifai a ruwan etan, iskar gas da aka sanyaya har ta zama ruwa, amma ba a tsane ruwa da takardar tacewa yadda ya kamata ba, ƙanƙarar ta zarce maikromita 10, kaurin da wannan haske ba ya iya ratsawa. A sake daskarewa ba wuya. Wuyar ita ce jigila. Afirka ba ta da sinkurotron ko ɗaya, dole samfuri ya ƙetara teku a tulun naitirojin na musamman, kuma da zarar ya ɗumama ya haura wajen digiri -135 a ma'aunin Celsius, ƙanƙara ta rikiɗe ta zama tsakuwoyin kristal ta yayyaga ƙwayar. Hayar tulun nan kuɗi ne, asusu kuma kun san halin da yake ciki.

Wasu tun rajista ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, sai ranar rabon takardar shaida. Ma'aji ya gaji da bugun waya. Duk mai bashin kuɗin wata ya biya kafin taro na gaba, domin ba za mu nemi lokacin aiki a sinkurotron ba alhali ba mu da abin kai samfuri.

Sakatare