Wasiƙa zuwa ga masu amfani da tocilolinmu: kafin ku kai hannu kan ƙwan LED

Abokan cinikinmu masu daraja, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, abin da ya sa muka rubuto muku shi ne irin tocilolin da ake kawo mana gyara. Da yawansu ba faɗuwa suka yi ba, ruwa ma bai shige su ba. Mai ita ne ya ga haske ya ragu, ya kwance kan tocilar don ya goge ƙwan, garin neman gira aka rasa ido. Shi ya sa muka ga gara mu yi muku bayani dalla-dalla.

Ƙwan LED ba irin tsohon ƙwan gilashi ba ne. Ku leƙa cikin tocila a kashe, za ku ga wani ɗan abu ruwan ɗorawa a tsakiya. Ainihin abin da ke ba da haske yana ƙarƙashinsa, kuma shuɗin haske yake fitarwa, irin wanda Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu kyautar Nobel a kansa a 2014. Wannan ruwan ɗorawar da kuke gani sinadarin fosfo ne, shi ke juya wani kaso na shuɗin hasken har idonmu ya gan shi fari. A samansa kuma, a yawancin ƙwayayen, akwai ɗan tudu garai-garai na silikon. Taushi gare shi, yana da ɗan danƙo, shi ya sa ƙura ke manne masa. A wasu ƙwayayen, cikin tudun nan akwai wayoyin zinare da ba su kai kaurin silin gashi ba. Farce ya danna shi ta gefe, ko tsinke ya ture shi, sai waya ta tsinke, ƙwai ya mutu nan take. Wani lokaci tudun ne ke ɓantarewa ya tafi da fosfon, sai ka kunna ka ga haske ya koma shuɗi.

To, kafin komai, a tabbatar ƙwan ne ma ke da datti. Kan tocila a rufe yake da zoben roba, da wuya ƙura ta kai ciki. Galibi dusashewar haske daga batir take, ko daga baƙin dattin da ke taruwa a sufirin da inda murfi ke murɗuwa, ko kuma maiƙon yatsa a bayan gilashi. A canza batir, a goge waɗannan wuraren, a share gilashin ta waje da ƙyalle mai laushi. Idan haske ya dawo, a bar kan tocila a rufe yadda yake. Ɗan ƙwayar ƙura ɗaya ko biyu a ciki ba sa rage hasken da ido zai iya ganewa, kuma duk buɗewar da aka yi sabuwar ƙura ce ke shiga.

Amma akwai dattin da ba a ƙyalewa. Tocila mai ƙarfi tana tara haske mai yawa a fili ɗan mitsitsi. Idan maiƙo, ko zaren ƙyalle, ko ɗigon giris ya zauna daidai kan ƙwan, zai sha hasken ya yi zafi, ya fara ƙonewa. Da ya yi baƙi sai ya ƙara shan haske, ya ƙara zafi, har ya cinye silikon ɗin da ke ƙarƙashinsa. Mukan ga irin wannan a teburin gyara: ɗan baƙin ɗigo a tsakiyar tudun, ga launin ƙasa-ƙasa ya kewaye shi, wani sa'in har da ƙauri idan an kunna. Duk wanda ya hangi tabo a kan ƙwansa, kada ya sake kunna tocilar da cikakken ƙarfi sai an cire shi.

Ga yadda muke yi. Batir ne farkon fita, ba kashe makunni kawai ba, domin tocila ta kunnu fuskarka na kanta ba ƙaramin lahani ba ne ga ido. A bar ta ta huce. A wanke hannu, a sami tebur mai tsabta inda iska ba ta kaɗawa. Sai a fara da hura iska da 'yar robar nan da ake matsawa, wadda masu kyamara ke amfani da ita. Ban da baki, don numfashi na tafe da danshi da yawu. Gwangwanin iska ma a yi hattara da shi: idan aka karkata shi, ruwa mai tsananin sanyi yake fesowa. Sau da yawa iskar kaɗai ta wadatar.

Idan tabon ya ƙi tashi, sai a ɗauko barasar goge kayan lantarki mai suna isopropyl, mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama, domin mai kashi 70 ruwa ya yi mata yawa, tana jinkirin bushewa. Ita ce kamfanin Cree LED, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera waɗannan ƙwayaye, ya amince a goge nasa da ita. A jiƙa kan tsinken auduga kaɗan, ba sharkaf ba, a ɗora shi kan ƙwan a mirgina a hankali, nauyin tsinken kawai, ba dannawa ba dirzawa. A jefar da tsinken, a ɗauki sabo idan da saura. Sannan a duba da kyau ko auduga ta bar zare, don zaren ma ƙonewa zai yi. A jira ya bushe sarai, a fara gwadawa da ƙaramin haske. Ƙwayayen da ba su da tudu, fuskarsu a shafe, sun fi son lallami, tunda fosfon na dab da waje.

Fetur, kananzir, tina da ruwan cire jan farce kada su kusanci kan tocila. Fetur kumbura silikon yake yi har ya saki. Masu son cire tudun da gangan ma a cikinsa suke jiƙa ƙwan. Man tsabtace hannu kuwa, ko da yake da barasa a cikinsa, yana barin santsi. Haka sufa-gulu: ko bai taɓa ƙwan ba, tururinsa a rufaffen wuri na bin gilashi da ƙwai ya bar farin hazo.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kwanon nan mai ƙyalli da ke kewaye da ƙwan. Ƙyallinsa shafen alminiyom ne siriri ƙwarai, ko auduga ta bi ta kansa sai ta bar zane, kuma zanen ba ya gyaruwa. Iska kawai ake hura masa, a riƙe shi ta baya. Tocilolin da ke da madubin roba a madadin kwano su ma ba a sa musu barasa, domin tana iya tsattsaga wasu robobin. Ruwa da ɗan sabulu sun ishe su, a shanya su bushe kafin a mayar.

Wajen haɗawa, a tabbatar zoben roba ya koma mazauninsa, kuma kwanon ya zauna daidai kafin a ɗaure kai. Idan ya karkace aka murɗa da ƙarfi, bakinsa na iya yanke tudun ƙwan.

Wasu tocilolin an liƙe kansu da gam tun daga masana'anta. Idan kun murɗa da hannu ya ƙi, don Allah kada ku sa filaya. Ku kawo mana ita, ko ku turo hoton ƙwan a kashe, mu duba mu gaya muku ko gogewa za ta yi. Wanda ya riga ya ƙone kam sai dai a canza shi, kuma a yawancin tociloli canjin ƙwan na yiwuwa ba sai an sayi sabuwa ba.

Mun gode da amincewarku. Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Ma'aikatan sashen gyara