Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sakatariyar Al'adu ta Birtaniya Kan Makomar RuneScape

Mai girma Lisa Nandy,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san wasan kwamfuta ba shi ne a sahun gaba ba cikin lamuran da ke kan teburinki, amma tunda al'adu aka damƙa miki, ina ganin maganar RuneScape a ofishinki take.

A ƙasarku aka haifi wasan. Andrew Gower da ɗan'uwansa Paul suka fitar da shi a watan Janairun 2001, da manhajar Java, ta yadda mutum zai buɗe shafin intanet kawai ya shiga, ba sai ya sayi faifai ba. Daga nan kamfanin Jagex ya kafu, yana kuma Cambridge har yau. Miliyoyin yara sun fara sanin ciniki ne a kasuwar Varrock, wani birni a cikin wasan, suna rubuta farashin kaya suna maimaitawa har yatsu su gaji, wasu kuma a can aka fara damfararsu da alƙawarin yi wa sulke ado kyauta.

A 2004 aka sake gina wasan, tsohon ya koma RuneScape Classic. A ƙarshen 2007 kamfanin ya taƙaita ciniki tsakanin 'yan wasa don yaƙar masu sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske, sai da aka yi ƙuri'a kafin a dawo da shi a 2011. A 2012 aka sauya tsarin faɗa, jama'a da dama suka yi fushi suka watse.

Ga inda nake so ki duba da kyau, ranki ya daɗe. Da aka nemi dawo da wasan yadda yake a dā, abin da ya ceci lamarin shi ne wani kwafin ajiya na watan Agustan 2007 da aka tarar a rumbun kamfanin. Shi aka farfaɗo a Fabrairun 2013, inda kusan mutum 450,000 suka kaɗa ƙuri'ar goyon baya, aka sa masa suna Old School RuneScape. Da wani ma'aikaci ya goge wannan kwafi don samun fili, shi ke nan. RuneScape Classic kuwa bai taki irin wannan sa'a ba: an rufe shi a Agustan 2018, kamfanin ya ce kurakurai da 'yan maguɗi sun yi masa yawa, kayan gyaransa kuma sun tsufa. Ban ga laifinsu ba, ɗan kasuwa riba yake lissafi. Amma wa ke da alhakin adana abin?

Tambayar ta fi nauyi idan aka dubi yadda Jagex ke sauya hannu. A 2016 wani kamfanin ƙasar Sin ya saye shi, a 2020 aka sayar wa Macarthur Fortune, a 2021 Carlyle ya karɓa, a 2024 kuma CVC da Haveli, duk kamfanonin zuba jari. Kowane sabon mai gida da nasa lissafin, kuma babu wanda doka ta tilasta wa ya ajiye komai.

Ku kuwa kuna da tsarin da ya dace tun tuni. Duk littafin da aka buga a Birtaniya sai an kai kwafinsa British Library, babban ɗakin karatu na ƙasar, a 2013 ma aka faɗaɗa dokar ta haɗa da littattafan lantarki da shafukan intanet. Roƙona shi ne a sa irin waɗannan wasanni a ciki. Kamfani ya riƙa miƙa kwafin manhajar wasan tare da ta sabar, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da shi, domin wasan intanet ba ya motsi idan babu ita. A kulle a rumbu muddin kamfanin na cin kasuwarsa, kada a taɓa masa haƙƙin mallaka. Ranar da ya rufe wasan, sai a buɗe wa masu bincike da wurare irin su gidan tarihin wasannin bidiyo da ke Sheffield.

Ina fatan za ki sa jami'anki su zauna da kamfanonin da kuma ma'aikatan ɗakunan karatu a kan wannan.

Na gode, ranki ya daɗe.

Daga wani tsohon ɗan wasa