A liƙa ka'idojin inshorar lafiya a bangon asibitoci

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan inshorar lafiya ta ƙasa, wadda da muka sani da NHIS kafin dokar 2022 ta mayar da ita NHIA.

Ka'idar ba ta da wani ruɗani. Ƙananan cututtuka irin su zazzaɓi da gudawa an riga an biya asibitin da ka yi rajista kuɗinsu duk wata, ko ka je ko ba ka je ba, shi ya sa ba su da hurumin cajin ka kuɗin ganin likita, naka kawai kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. In abin ya kai ga tiyata ko ganin ƙwararren likita sai asibiti ya nemi lambar izini daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke biyan asibitoci kuɗi a ƙarƙashin tsarin, sannan daga baya ya tura bil a biya shi.

To a nan ne ake cin amana wallahi. Wasu asibitocin su rubuta gwajin da ba a yi ba su cusa a bil, su kuma wasu HMO ɗin su danne kuɗin asibiti wata da watanni, ƙarshe mara lafiya ne za a ce wa "babu maganin, je ka saya a kemis" alhali an yanki albashinsa.

Ni dai roƙona hukumar NHIA ta tilasta a liƙa jerin magungunan da tsarin ya ɗauka a bangon kowane asibiti, da Hausa, kuma kada a tura wani bil sai mara lafiya ya gani ya sa hannu.

Naku mai karatu daga Zariya.