Waƙar ƙanena, kuɗin manaja

Malam Edita,

Ka ba ni fili in koka kan manajojin mawaƙa. Ƙanena tela ne. Da kuɗin ɗinki ya biya situdiyo da mai kiɗa, ya kwana uku yana rerawa har murya ta dishe. Manajansa ya ɗora waƙar a YouTube da Audiomack da sunan kansa, lambar sirri ma tana hannunsa. Takarda kuwa babu, wai ai duk ɗaya ne. Yanzu in kuɗi sun shigo, sai dai yaron ya ji a bakin mutane.

Na san akwai manajojin kirki masu nemo wa mawaƙi biki da talla. Amma tunda an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, ya kamata hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ta zo Kano ta koya wa yaranmu rubuta yarjejeniya: kaso nawa, shekara nawa, waƙar ta wace ce.

Wani mai karatu, Kano