Zuwa ga Hajiya Shugabar Makaranta: Wa Ke Sa Yaran Dance Moms Kuka?

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

A taron iyaye da malamai da aka yi kan yara da wayar hannu, kin miƙe gaban jama'a kin jefo min tambaya, tunda sana'ata tace bidiyo ce a gidan talabijin. Kin ce 'yan matan makarantarki sun ɗauki wani shirin Amurka mai suna Dance Moms sun ɗora a ka, kullum suna kan guntayensa a TikTok da YouTube, har akwai mai kwaikwayon tsawar malamar rawar da ke ciki tana yi wa ƙawayenta. Kika ce in gaya miki tsakani da Allah: abin nan gaskiya ne ko shiri ne, kuma haka masu makarantun rawa suke a can? Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na ce zan amsa a rubuce inda kowa zai gani.

Hawayen yaran nan na gaske ne, Hajiya. Ba a koya wa 'yar shekara takwas irin wannan kukan. Amma akwai wanda ya tsara ranar da za ta yi shi da abin da zai jawo shi, kuma wannan mutumin ba za ki taɓa ganin fuskarsa a allo ba.

Tashar Lifetime ce ta fara nuna shirin ranar 13 ga Yuli 2011, kamfanin Collins Avenue ne ke shirya shi. An ɗauke shi a makarantar rawa ta Abby Lee Miller da ke gefen birnin Pittsburgh a jihar Pennsylvania. Makarantar ta gaske ce, ba don talabijin aka gina ta ba. Abby gadon sana'ar ta yi wurin mahaifiyarta, kuma tun 1980, tana 'yar shekara 14, ta kafa ƙungiyar rawarta. Yaran farko na shirin, su Maddie da Mackenzie Ziegler, Chloe Lukasiak, Nia, Brooke da Paige Hyland, duk ɗalibanta ne tun kafin kyamara ta shigo. Iyayensu mata sun sha faɗa cewa da farko an ce musu ɗan gajeren shiri ne na makonni shida kan rayuwar yara masu gasar rawa. Ƙarshenta sai da aka yi zango takwas, aka kai 2019.

Ga abin da masu kallon guntaye a waya ba sa sani. A watan Disamba 2010, watanni kaɗan kafin a fara nuna shirin, Abby ta je kotu ta bayyana cewa ta karye, bashi ya yi mata katutu. Wato matar da ake nuna mana tana zaune kamar sarauniya, tana ɗaga wannan tana kayar da wancan, mace ce da makarantarta ke dab da kuɓuce mata lokacin da masu talabijin suka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai irin wannan hali in aka ce masa ya ƙara murya, ba ya tambayar dalili.

Ki duba yadda gasar rawar yara take a can in babu kyamara. Makaranta takan fara koyar da rawar gasa tun kaka, bayan an koma karatu. Rawa ɗaya ta minti biyu ko uku za a yi ta gogewa wata da watanni, sannan daga farkon shekara zuwa bazara a riƙa kai ta gasa-gasa, ita ɗin dai, ana gyara ta bisa abin da alƙalai suka faɗa. Alƙalan sukan zama uku, kowanne da makirufo yana naɗar gyaransa yayin da yarinya ke kan dandali: miƙe yatsun ƙafa, sauke kafaɗa, kin riga kiɗa. Malami ya koma gida da wannan sautin ya yi aiki da shi. Kuma kusan kowa na komawa da lambar yabo, don ana raba maki hawa-hawa ne, zinariya, babbar zinariya, filatinam, kafin a zo ga jerin na ɗaya da na biyu. Gasar kanta kasuwanci ce: kamfanoni masu zaman kansu ke shirya ta, iyaye na biyan kuɗin shiga kan kowace rawa, saboda haka ba wanda ke son abokin ciniki ya tafi da ɓacin rai. Mafi yawan ranar gasa zama ne a dogon zaure, ana shafa hoda, ana neman takalmin da ya ɓata, ana jiran a kira lamba. In aka nuna wannan yadda yake, mai kallo zai yi gyangyaɗi.

A shirin kuwa, kowane mako sabuwar rawa, sabbin kaya, sabon gari. Yarinya ta tashi daga makarantar boko ta haddace rawar ƙungiya da tata ita kaɗai cikin 'yan kwanaki, ranar Asabar ta hau dandali. Babu malamin rawa mai hankali da zai tsara wa ɗalibansa haka don su ƙware. Talabijin ce ke buƙatar sabon kashi duk mako. Kuma in kika matsa wa yaro irin haka, dole wata rana ya manta takunsa a tsakiyar dandali, ya tsaya cak, ya ruga bayan labule yana kuka. Mai kyamara yana nan tsaye a bayan labulen tun kafin a fara kiɗa.

Sai dalar hotunan nan, wato jerin hotuna mai faɗi a ƙasa da tsini a sama, da ɗalibanki suka fi kwaikwayo, inda ake liƙa hotunan yara a jikin madubi, a riƙa yaye takarda ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ana gaya wa kowace laifinta a gaban uwarta da ƙawayenta. Abby da kanta ta faɗa cewa ba al'adar makarantarta ba ce, masu shirin ne suka kawo ta. A idon mai sana'a irin tawa, dabara ce da ta cika dabara, ko da yake muguwa ce: cikin minti biyar na farko an riga an samu wadda ta ci, wadda aka wulaƙanta, da uwar da za ta kwana da abin a ciki.

Iyayen kuma ana ajiye su a wani ɗaki a sama mai tagar gilashi, suna hango 'ya'yansu ana yi musu tsawa, kowacce da makirufo a ƙirji, sa'o'i a jere. Furodusa ya ja wannan gefe ya ce, kin ji abin da wance ta ce kan 'yarki? Ya koma wurin waccan da irin wannan. Maddie ta taɓa gaya wa jaridar USA Today cewa masu shirin ne ke haɗa yanayin da za a yi ta ihu, kuma wani faɗan in an gama ɗauka sai iyayen su koma hira suna dariya. Da ta girma ta ƙara bayyana cewa tana ƙarama manya ne ke sa mata kalmomin taƙama a baki, ita kuma ta maimaita, duniya ta ɗauke ta mai girman kai. Shekararta takwas lokacin da aka fara. Ƙanwarta shida.

Sauran aikin a ɗakinmu ake yin sa. A zubo wa edita hoton kwanaki, a ce ya fitar da minti arba'in da 'yan kai. Wata uwa ta yamutsa fuska da hantsi don ƙafarta ta yi sanyi kan benci. Sai in ɗauko wannan yamutsar in ajiye ta daidai bayan maganar da malama ta yi da la'asar, in ɗora ɗan kiɗa mai nauyi a ƙasa, in bar shiru na daƙiƙa biyu. Shi ke nan, an yi gaba. Hirar da kike gani mutum na zaune shi kaɗai yana magana kamar yanzu abin ke faruwa, sau da yawa bayan kwanaki ko makonni aka ɗauke ta, an ce masa ya yi magana kamar yana cikin lamarin. Ana kuma iya ɗinka jimla ɗaya daga maganganu uku da aka yi a lokuta daban. Alamarta ba ta da wuyar ganewa: duk inda kika ji magana mai zafi alhali kyamara na nuna ƙeyar mai maganar, ko ƙofa, ko fuskar wani, to ki sa alamar tambaya. Da an faɗe ta a jere, da bakin mai ita za a nuna miki.

Kan rabin tambayarki na biyu: a'a, ba haka masu makarantun rawa suke ba, kuma dalilin ba sai an je ga kyawun hali ba, lissafi kaɗai ya isa. Mai makarantar rawa a Amurka ƙaramin ɗan kasuwa ne. Akwai kuɗin haya, da inshora, da albashin malamai, da dabe na musamman mai sassauci don kada gwiwar yara ta lalace, da kayan rawar ƙarshen shekara da ake yin odarsu watanni kafin lokaci. Mafi yawan ɗalibansa ba 'yan gasa ba ne, ƙananan yara ne da ke zuwa sau ɗaya a mako don nishaɗi, kuma kuɗinsu ne ke riƙe da wurin. Ke shugabar makaranta ce, kin fi ni sanin abin da zai faru in malama ta kira ɗaliba malalaciya a gaban uwarta: gobe an ɗauke ta an kai makarantar gaba, jibi ƙawayen uwar su bi. To me ya hana iyayen Dance Moms tafiya? Sun sa hannu kan kwantiragi da kamfanin shirin. Uwa za ta ja hannun 'yarta ta ce mun tafi ba za mu dawo ba, mako na gaba ki gan ta zaune kan bencinta. Shirin na nuna miki wannan a matsayin kwarjinin Abby ko kwaɗayin iyaye. Ba ya taɓa nuna miki takardar.

Ko Cathy, mai makarantar Candy Apples ta garin Canton a jihar Ohio, a matsayin uwa ta fara a shirin, ta kawo 'yarta wurin Abby. Da aka ga tana da baki sai aka mai da ita babbar abokiyar gaba, har aka riƙa tattaro mata 'yan rawa daga wasu garuruwa don a kara. Makarantu biyu a jihohi biyu da a ce kowa na harkarsa ne da wuya su riƙa haɗuwa haka a kai a kai.

Kada a ce ina wanke Abby. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba edita ne ya sa mata kalaman da ta yi wa yara kan jikinsu da kamanninsu ba, daga bakinta suka fito. Nia ce kaɗai baƙar fata a rukunin farko, kuma tun zangon farko aka ɗora mata gashin kanti mai tsayi irin na baƙaƙen Amurka aka ba ta rawar da uwarta Holly, wadda ita ma shugabar makaranta ce mai digirin digirgir kan ilimi, ta ce sam wannan kwaikwayon raini ne. A 2012 an yi wani kashi da aka sa wa yara kaya marasa mutunci har tashar ta janye shi bayan an yi mata ca. A 2013 rigima tsakanin Abby da Kelly Hyland, uwar Brooke da Paige, ta kai ga mari da jan gashi da 'yan sanda. A 2014 aka shigar da ƙara a madadin Paige kan cutar da ita a rai, kotu ta kore ta daga baya. A 2020 Lifetime ta yanke hulɗa da Abby bayan wata uwa ta fallasa kalaman wariyar launin fata da ta ce ta yi musu. Abin lura dai, tashar da ta raba gari da ita a 2020 ita ce ta shekara takwas tana sayar da talla a kan wannan halin nata.

Ƙarshen lamarin bashin ma ta talabijin ya ɓullo. Alƙalin da ke shari'ar karyewarta yana gida yana sauya tashoshi sai ya ci karo da ita a allo, ya ce to ina kuɗin wannan a takardun da aka kawo min? A 2015 aka tuhume ta da ɓoye kimanin dalar Amurka 755,000, ta amsa laifi a 2016, a watan Mayu 2017 aka yanke mata shekara ɗaya da kwana ɗaya. Watanni biyu kafin hukuncin ta sanar a Instagram cewa ta bar shirin, tana kukan cewa masu shirin sun yi amfani da ita sun juya ta yadda suke so. Biri ya yi kama da mutum, sai dai ita babba ce da ta karɓi kuɗi da idonta biyu.

Yaran ne ba su da wannan zaɓin. Kalifoniya tun 1939 take da dokar da ke kare kuɗin yara 'yan fim, wadda a yau ta tilasta a ajiye musu kashi 15 cikin 100 na abin da suka samu. Amma yaron shirin "zahiri" an daɗe ana cewa ai ba wasa yake yi ba, rayuwarsa kawai ake ɗauka, ko da furodusa ne ya tsara masa makon gaba ɗaya. Sai a 2012 Pennsylvania ta gyara dokar aikin yara ta shigar da irinsu, lokacin shirin ya riga ya yi nisa. Wasunsu sun yi suna da dukiya, kamar JoJo Siwa da ita Maddie, ba na musun wannan. Amma a shirin tuna baya da Lifetime ta tara su, wanda ta nuna a watan Mayu 2024, Maddie da Mackenzie da Nia ba su je ba. A watan Agusta na shekarar aka dawo da shirin a dandalin kallon fina-finai na Hulu da wata malamar daga jihar Virginia da sabbin yara.

Da ni ne ke, Hajiya, ba zan ɓata ƙarfina wajen hana su kallo ba, don wayar na hannunsu bayan an tashi. Ki ɗauki guntu ɗaya da suka fi so ki haska musu a aji. Ki kashe sautin tukuna, su ƙirga sau nawa hoton ya yanke cikin minti ɗaya, su duba ko rigar mai magana da gyaran gashinta sun sauya tsakanin jimla da jimla. Sannan ki kunna, ki tambaye su wa ke tsaye riƙe da kyamara lokacin da yarinyar ke kuka, kuma me ya sa bai ajiye ta ba. Ita kuma mai kwaikwayon tsawar, a ba ta aikin edita a wannan darasin. In kin sa rana zan zo da kwamfutata in nuna musu yadda ake ɗinka jimla, da muryoyinsu.

A gaida malamai. Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
mai tace bidiyo